Kafin Ki Zargi Maigida, Duba Kabet Ɗinki

A nan Jangeru da Shinkafi har Zurmi, gidaje da yawa mazansu na can Legas ko Saudiyya neman halali, zumuncin auren duk ya rataya a kan kiran bidiyo. To sai fuskar maigida ta daskare ana tsakiyar hira, murya ta yi ta tsinkewa, shi yana can yana cewa kashe masa aka yi, ke kina nan kina cewa wata ce ta shigo. Ni da nake tura wa masu karatu littafina ta WhatsApp, na san ciwon shafi ɗaya ya kwana yana juyi bai tafi ba.

Fara da inda kika ajiye 'yar na'urar MiFi ɗin. Amare na son ɓoye ta cikin kabet bayan jeren samira saboda yara, alhali ƙarfe babban maƙiyin wayifai ne, haka ma katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano. Fito da ita, ki ɗora ta sama kusa da taga, ɓangaren da ke kallon turken sadarwa. Kada a cusa ta ƙarƙashin filo tana caji, musamman da bazara, don in ta ɗau zafi gudunta raguwa yake, batirin ma kumbura yake yi.

Sannan ki ƙirga bakin da ke shan data ɗin. Lambar sirrin da kika bai wa ƙanin miji don kunya, wallahi kafin sati ta zaga majalisarsu. Shiga saitin na'urar ki ga wayoyi nawa ne a kai, ki sauya lambar. A taki wayar kuma ki hana WhatsApp sauko da bidiyoyin biki da kansa. Wani zubin ma data ce ta ƙare ba labari: in kin sa layin a waya ki danna *323#, lambar da hukumar NCC ta haɗe wa duk layuka a 2023.

In duk kin yi wannan, ga gwaji mai sauƙi. Tsaya dab da na'urar. In ta yi sauri, bango ne matsalar. In ba ta yi ba, cire layin ki sa a waya ki fita tsakar gida. Kika ga 4G ta koma E, to abin daga turke ne, ba daga ɗakinki ba. Turken nan da man dizal yake aiki, kuma kowa ya san halin da hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi take ciki. Mu da muka ga Satumbar 2021, da aka rufe sabis a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, Gusau ta samu a Oktoba, mu sai ƙarshen Nuwamba, mun san akwai abin da ya fi ƙarfin matar gida.

Bayan isha'i kowa na kan waya, turke ɗaya ake rububi. Ni dai bayan asuba nake tura rubutuna, kuma in da maigida zai yarda a mayar da hirar wannan lokaci, zai ga fuskarki garau. In kuwa dole sai da dare, ku kashe bidiyon ku yi ta murya kawai.