Masu Shelar Cikin Jikinmu

Duk wanda ya tashi a Daura ya san aikin mai shela. In fada tana da saƙo, shi ne yake bin unguwa-unguwa yana sanar da jama'a. To, jikinmu ma yana da nasa masu shelar. Waɗansu ƙananan sinadarai ne da masana ke kira saitokin.

Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne intaferon. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a Landan a 1957. In ƙwayar cuta ta bairos ta shiga wata ƙwayar halitta ta jikinmu, sai wadda aka shiga ta saki intaferon. Maƙwabtanta kuwa da jin wannan gangami sai su yi shiri, bairos ya kasa hayayyafa a cikinsu. Waɗansu saitokin kuma su ne ke kiran fararen ƙwayoyin jini su zo yaƙi.

Amma akwai bairos mai naci, kamar na ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasarmu. Yakan zauna cikin hanta shekara da shekaru mutum bai sani ba. Saitokin suna danne shi, su rage masa ƙarfi. Sai dai in yaƙin ya daɗe, fararen ƙwayoyin jini sukan gaji, hanta kuma ta yi tabo, har abin ya kai ga sankara.

Babban mutum in ya kamu, galibi jikinsa yakan kori cutar. Jariri kuwa, tara cikin goma tana zame musu ta zaune. Shi ya sa Nijeriya ta sa allurar wannan ciwo cikin rigakafin yara a 2004, kuma ana so a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa.

Likitoci sukan ba waɗansu majiyyata allurar intaferon, waɗansu kuma ƙwayar tenofovir. Namu aikin fa? Mu je asibiti a gwada jininmu. Mu daina aron reza, askar wanzami kuma a tabbata mai tsabta ce. Kada mu guji mai ciwon, domin ba a ɗaukarsa ta musafaha ko cin abinci tare. Ɗalibai, in kun koma gida hutu, ku zama masu shelar wannan magana. Rigakafi ya fi magani.