Burodin da ba a murzawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Da yawanmu mun ɗauka burodi sai gidan burodi, saboda mun ga yadda ake murza kwaɓi ana bugunsa har gumi ya karyo. To, akwai hanyar da ba ta buƙatar murza ko kaɗan. Wani mai gashin burodi a birnin New York na Amurka, Jim Lahey, shi ya shahara da ita, bayan jaridar New York Times ta buga ta a shekarar 2006.

Me ya sa ma ake murzawa? A cikin fulawar alkama akwai wani sinadari mai suna gulutin. In ya haɗu da ruwa sai ya yi danƙo, ya riƙe iskar da yis ke fitarwa, shi ya sa burodi ke kumbura ya yi ƴan ramuka a ciki. Murzawa tana gaggauta wannan danƙon ne kawai. In aka sa ruwa isasshe aka bar kwaɓin ya daɗe, da kansa zai yi. Ai iyayenmu mata sun san amfanin jira, tunda ƙullun masa ma sai ya kwana yake tashi.

Ga abin da za mu tanada: fulawa giram 400, wato kamar kofi 3, ruwa mililita 300, gishiri ƙaramin cokali 1, yis rubu'in ƙaramin cokali. Kar ƙanƙantar yis ɗin ta ba mu mamaki. In ya yi yawa, kwaɓin zai tashi da wuri, ya faɗi, ya yi tsami kafin gari ya waye.

Mu juya su da cokali a roba har garin ya ɓace, minti 2 ya isa. Zai yi ruwa-ruwa yana kama hannu, haka ake so, kar mu ƙara fulawa. Sai mu rufe. A ƙasashe masu sanyi awa 12 zuwa 18 ake ba shi, amma a zafin nan namu, in mun kwaɓa bayan sallar isha'i, kafin mu dawo daga asuba ya tashi. Lokacin ɗari kuwa gara a kwaɓa tun la'asar. Alamarsa, ya ninka girmansa, samansa ya cika da ƴan kumfa.

Daga nan mu barbaɗa fulawa a faranti, mu juye kwaɓin, mu naɗe shi sau 2, ya huta kamar awa 1. Kafin nan tukunya mai kauri da murfinta suna kan wuta, sun yi zafi sosai. Mu saka kwaɓin mu rufe. Tururin da murfin ke tsarewa shi ke barin burodin ya gama kumbura kafin ɓawonsa ya bushe. Mai tandar gas ya kai ta digiri 230, minti 30 a rufe, 15 a buɗe. Wanda ba shi da ita ya sa garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa bisa murfi, don kar gindin ya ƙone. Wannan matakin dai ƙannenmu su bar wa manya, tukunyar na ƙuna.

In ya yi ja, mu ƙwanƙwasa gindinsa, in ya yi ƙara kamar ganga ya gasu. Mu bari ya huce kafin yanka, kuma kar mu manta da rabon maƙwabta. Allah Ya sa albarka a abincinmu da karatunmu, amin.