Motar da ba ta shan fetur: za ta yi mana amfani a Dutsin-Ma da Kurfi?



A makon jiya gardama ta kaure a ajinmu bayan an tashi tara. Wani abokinmu ya ga bidiyo a wayar yayansa: wata babbar mota ce mai gado da madafi da banɗaki a cikinta, mutum ya yi tafiya da ita da rana, ya kwana a ciki da dare. Kuma ba ta shan fetur, caji ake yi mata kamar waya. Ya ce in Allah Ya hore masa ita zai saya, ya huta da kuɗin haya da kuɗin mai gaba ɗaya. Wasu suka ce ƙarya ce, wasu suka ce ai da ranar da muke da ita a Katsina kyauta ma za ta riƙa tafiya. Shi ya sa filinmu na kimiyya ya ɗauki biro da takarda ya yi lissafi.

Motar dai akwai ta. A shekarar 2021 ɗaliban jami'ar Eindhoven ta ƙasar Holan sun ƙera irinta mai aiki da hasken rana, suka sa mata suna Stella Vita, suka kai ta har kudancin Sifaniya. A 2022 kamfanin Winnebago na Amurka ya nuna tasa ta gwaji, wadda ke yin kimanin kilomita 200 kafin cajinta ya ƙare. Ga mai son yawon duniya, wannan tafiya ta yi kaɗan. Me ya jawo haka?

Nauyin batir

Ana auna wutar lantarki da yunit, irin wanda ake saya a zuba a mita. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai yunit 9, alhali nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Batirin da zai riƙe yunit 9 kuwa ya kai nauyin buhun siminti. Gaskiya ne injin fetur mai ɓarna ne, don kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin man yana tafiya a zafi da hayaƙi, shi kuwa injin lantarki yana morar kusan kashi tara cikin goma. Duk da haka batir ya fi tanki nauyi nesa ba kusa ba.

Babbar mota irin wannan tana cin kimanin yunit 30 a kilomita 100. In ana so ta yi kilomita 300, sai an ɗora mata batir mai yunit 90, wato nauyin buhun siminti 10. Kuma daga wannan batirin firji da fanka da rishon girki za su sha nasu rabon.

Kuɗin tafiya da matsalar caji

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa ya ji a jikinsa, har mu da ake ba kuɗin mota. Mu ƙaddara lita tana naira 900. Babbar mota mai shan lita 12 a kilomita 100 za ta ci naira 10,800. Wuta kuma mu ɗauki mai tsada, ta rukunin Band A, wadda aka mayar naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024. Yunit 30 ya kama naira 6,750. A takarda, lantarki ya yi nasara.

Amma a ina za a yi cajin? Soket na gida ba ya wuce yunit 3 a awa ɗaya, don haka cika batir mai yunit 90 zai ɗauki awa 30 wuta ba ta ƙyafta ba. Kowa ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ga haka a unguwarsu.

Saura batun rana. Farantin sola mai wat 400 yana tara kimanin yunit 2 a wuni a irin ranarmu. In an jera uku a rufin motar, yunit 6 ke nan, tafiyar kilomita 20. Wanda ya tashi daga Dutsin-Ma da cajin wuni guda ko Kurfi ba zai kai ba, balle Katsina mai nisan sama da kilomita 60. Sai motar ta kwana uku tana shanya. In hunturu ya shigo, ƙura ta lulluɓe farantan, abin da za su tara ya ƙara raguwa.

Inda lissafin ya juya

Yanzu mu ajiye babbar mota, mu dawo kan babur ɗin ɗan acaɓa. Na fetur yana shan kimanin lita biyu da rabi a kilomita 100, wato naira 2,250. Na lantarki yana cin kimanin yunit 4, wato naira 900. An samu rarar naira 1,350, ga shi babu juyen baƙin mai, babu canjin fulogi. Yunit 4 kuma faranti biyu na sola sun isa su tara shi a wuni guda. Rana ɗaya ce ta gaza da babbar mota amma ta wadatar da babur, domin shi ba shi da nauyi, kuma zirga-zirgarsa ta cikin gari ce: daga tasha zuwa jami'ar tarayya, daga kasuwa zuwa Kwalejin Isa Kaita. Haka lissafin keke Napep yake, sai dai shi ya fi babur cin wuta.

A arewa ma an fara. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, lokacin da yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa an buɗe tashar caji mai aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana mayar da su na lantarki. Ku lura, motocin haya ne na cikin gari, masu dawowa wuri ɗaya su yi caji.

Tarko biyu

Na farko shi ne janareta. Ƙaramin janareta yana ba da yunit 2 ko ƙasa da haka daga lita ɗaya. Mai cajin babur da shi zai ƙona lita 2 ko fiye don samun yunit 4. Fetur ɗin da ya guda shi ya sake saya, ya ƙara da ƙara da hayaƙi.

Na biyu shi ne tsufan batir. Batir yana mutuwa a hankali, kuma zafin bazara irin na Afrilu yana gaggauta mutuwarsa. Ga misali: a ce sabon batir naira 600,000 ne. In ya yi kilomita 100,000, kowane kilomita 100 ya ci naira 600, rara ta koma 750. In maras kyau ne ya mutu a kilomita 30,000, kowane kilomita 100 ya ci naira 2,000, riba ta koma asara. Araha dai ba ta ado.

Da yawanmu muna da uba ko yaya ko kawu da ke ciyar da gida da babur ko keke, wasu ma bashi suka ci suka saya. In kun ji suna shawarar komawa na caji, ku taya su da tambayoyi huɗu. Batirin na litiyam ne ko irin na mota mai dalma, wanda ba ya daɗewa? Nawa ne sabonsa, kuma garantin shekara nawa aka bayar a rubuce? A ina za a riƙa caji, da wace wuta? In ya lalace, akwai makaniken da ya iya shi kusa, ko sai an kai shi Kano?

Farashin da muka yi amfani da shi na misali ne, kuma yana sauyawa. Ku tambayi kuɗin lita a gidan mai na yau, ku sake lissafin da kanku, ku kai wa malamin lissafi ya duba. Wanda amsarsa ta saɓa da tamu ya kawo wa ƙungiyar 'yan jarida, za mu liƙa ta a wannan allo mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.