Darajar hatimin notari tana cikin abin da idonsa ya gani

Ɗalibin da ya samu gurbin karatu a Masar ko Ingila, da ɗan kasuwar da ke zaune a Jidda yana son ƙaninsa ya sayar masa da gida a Kano, duk sukan ci karo da umarni ɗaya: a kai takardar wurin notari ya buga mata hatimi. Da yawa daga cikinmu sun ɗauki wannan mataki a matsayin wani kuɗin shiga kawai, a biya, a manna jan tambari, a wuce. Wannan fahimta kuskure ce mai tsada, domin hatimin ba shi da wata daraja ta kansa. Darajarsa ta dogara ne kan sharuɗɗa biyu: mai hatimin ya ga abin da yake shaida da idonsa, kuma ba shi da ko sisi a cikin lamarin.

A Najeriya notari lauya ne da Alƙalin Alƙalan Ƙasa ya naɗa, aka rantsar da shi, aka shigar da sunansa cikin rajistar da ke hannun Babban Magatakardan Kotun Ƙoli, doka kuma tana ɗaukarsa a matsayin jami'in wannan kotu. Dokar da ta kafa aikin ta samo asali tun 1936, zamanin Turawa, sai a 2023 aka maye gurbinta da sabuwa. Aikinsa shi ne rantsar da mai takardar rantsuwa, shaida sa hannu kan yarjejeniya ko takardar wakilci, da tabbatar da cewa kwafi ya yi daidai da takardar asali. Hatiminsa ba ya nufin duk abin da aka rubuta gaskiya ne. Abin da yake cewa shi ne: wane ya zo gabana a rana kaza, na tantance shi, ya sa hannu da yardarsa. Wannan ɗan taƙaitaccen zance yana da nauyi ƙwarai a gaban alƙali, don sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya umarci kotu ta ɗauka cewa takardar wakilcin da aka sa wa hannu gaban notari ingantacciya ce, sai wanda ke musu ya kawo hujja.

To, a nan ne ɓarnar take. Idan kotu za ta gaskata takarda saboda hatimi, notarin da ya karɓi takarda daga hannun ɗan aike, an riga an sa mata hannu a wani gari, ya buga tambari ba tare da ya ga mai ita ba, ya ara wa ƙarya rigar gaskiya ke nan. A dubi takardar wakilci ta sayar da gona. A ƙasanta akwai shuɗin dangwalen yatsa, a gefe an rubuta sunan wata dattijuwa, sai jan hatimi mai ƙyalli. Da wannan takarda guda ana iya sayar da gonar tsohuwar tana zaune a ɗakinta ba ta sani ba, kuma ranar da ta je kotu, ita ce za ta sha wahalar tabbatar da cewa yatsan ba nata ba ne, ko kuma ce mata aka yi takardar tallafin taki ce. Shi ya sa Dokar Shaida ta tanadi cewa idan mai rantsuwa makaho ne ko bai iya karatu ba, dole a karanta masa, a fassara masa, a kuma rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan. A yankin da ake rubuta takardun hukuma da Turanci alhali jama'a da dama Hausa suke ji, wasu kuma da ajami suke karatu, wannan tanadi shi ne katangar ƙarshe tsakanin talaka da mai son cinye masa dukiya.

Sharaɗi na biyu kuwa 'yan Arewa sun ga aikinsa a babban fage. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2007, Janar Muhammadu Buhari ya kai ƙara yana ƙalubalantar nasarar Umaru Musa 'Yar'adua. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da rubutattun bayanan shaidunsa da dama, saboda notarin da aka yi rantsuwar a gabansa yana cikin lauyoyin mai ƙara. Tsohuwar dokar notari ta hana shi aiki a lamarin da yake da hannu a ciki, Dokar Shaida ma ta hana karɓar takardar da aka rantse gaban lauyan wanda zai amfana da ita. A Disambar 2008 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar da rinjayen alƙalai huɗu cikin bakwai. Mutane da yawa sun ji zafin abin, suna cewa ƙa'idar takarda ta danne gaskiya, kuma wannan ƙorafi ba na banza ba ne, domin shaidun ba su da laifi a kuskuren da lauya ya yi. Amma a juya lamarin. Da lauyan wanda ake ƙara ne ya tara mutane a ofishinsa, ya rubuta musu bayani, ya rantsar da su da kansa, wa zai yarda da wannan shaida? Ƙa'idar da ta cuci wanda muke so yau ita ce za ta kare shi gobe, kuma ba a iya sassauta ta ga ɓangare ɗaya. Laifin yana kan masanin dokar da ya san iyakarsa ya ƙetare ta.

Wasu kuma na cewa me ya kai mu ga wannan tsari na Bature, ga mai unguwa, ga liman, ga dattawan da ake cinikin gida a gabansu tun kaka da kakanni. Shaidar dattawa tana da ƙarfi a inda aka san su. Jami'a a Alƙahira ko banki a Landan ba su san mai unguwar kowa ba, abin da za su iya bincika shi ne suna a rajista, shi ya sa takardar da za ta fita waje kan bi ta notari, ta wuce Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta. Tsarin ma ba baƙo ba ne a gare mu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, magana take kan rubuta bashi da kafa shaidu, kuma a Maroko har yau akwai udul, amintattun marubuta da ke rubuta aure da gado da ciniki su biyu biyu. A Nijar, inda aka gaji tsarin Faransa, notari ma ya fi na Najeriya faɗin aiki, shi yake tsara takardar da kansa ya ajiye asalinta.

Dokar 2023 ta zo da sabon abu: ta halatta yin aikin ta intanet, notari da mai takarda suna ganin juna suna jin juna ta bidiyo, a sa hannu da hatimi na na'ura. Ga wanda ke zaune a ƙasar waje ko a garin da babu notari, wannan sauƙi ne na gaske, kuma bai rushe sharaɗin gani da ido ba, ya dai canza hanyarsa. Sai dai kyamara tana nuna fuska ne kawai, ba ta nuna wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana zare wa mai sa hannu ido. Don haka wajibi ne notari ya tsananta a nan fiye da a ofis: ya nemi a juya wayar ya ga ɗakin, ya gwada fuska da katin shaida, ya tambayi mutum da harshen da yake ji ko ya san abin da zai rabu da shi, ya kuma adana hoton zaman. Ita kuma Kotun Ƙoli, tunda notari jami'inta ne, ya kamata ta sauƙaƙa wa kowa duba rajistar daga wayarsa, ta kuma riƙa bayyana sunayen waɗanda ta soke saboda buga hatimi kan takardar da ba su ga mai ita ba.