Garkuwar Da Ke Sama Da Kasuwar Filinge

'Yan kasuwa da iyayenmu mata na ƙasar Kurfai, da yawanmu in za mu yi sallah a hanyar Yamai ko a cikin kasuwar Balleyara ranar Lahadi, sai mu ciro salula mu nemi alƙibla. Allurar nan da ke juyawa, mayen ƙarfen duniya take bi. Can ƙarƙashin ƙafarmu, zurfin kilomita kamar 2,900, akwai narkakken ƙarfe da ke motsi, shi ke haifar da wannan ƙarfi, ya fito ya lulluɓe duniya har sama da kilomita 60,000 ta ɓangaren rana. Shi ke tare mana iskar da rana ke hurowa, mai gudun kilomita 400 a daƙiƙa guda.

Don auna shi ne hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba taurarin ɗan Adam uku masu suna Swarm ranar 22 ga Nuwamba 2013. Suna shawagi kilomita kamar 500 a sama, kowanne da na'urar awo a bakin doguwar sanda, don kada ƙarafan jikinsa su rikita awon. A 2020 hukumar ta ce ƙarfin ya ragu da kashi 9 cikin 100 a shekara 200, kuma raunin ya fi yawa tsakanin Kudancin Amurka da Afirka.

To, ina ruwan mai sayar da wake? Mu ma'aikatan rediyo mun san yadda gajeren zango ke shaƙewa in rana ta yi tunzuri. A watan Maris 1989 irin wannan guguwa ta kashe wutar lantarkin Kebek a Kanada awa tara. A Fabrairun 2022 kamfanin Starlink, wanda ya soma aiki a Nijar a 2025, ya yi asarar sababbin taurari kusan 40. A Mayun 2024 kuwa, GPS ya ruɗe wa manoman Amurka suna tsakiyar shuka.

Amma fa kada mu ɗora wa rana laifin da ba nata ba. In rezo ya ɗauke a Filinge ana cikin turo kuɗin awaki, galibi matsalar tana nan ƙasa: wuta, ko man janareto, ko eriya. Allurar alƙibla kuma, a matsa da ita nesa da mota da sikelin ƙarfe kafin a yarda da ita.