Aro Da Haya A Cikin Gandun Daji: Misali Daga Ƙasar Gobir

Bahaushe ya rarrabe hanyoyin riƙe ƙasa tun kafin zuwan Turawa: akwai gado, da saye, da kyauta, da jingina, da haya, sannan da aro. Biyun ƙarshe sun sha bamban da sauran, domin mai haya da mai aro duk sun san akwai ranar tashi. Saboda haka a al'ada ba a yarda wanda aka ara wa gona ya dasa itace ko ya kafa gini a cikinta ba, don itace da gini su ne shaidar mallaka. Wannan tsohuwar ƙa'ida ita ce mabuɗin fahimtar matsalar gandun daji.

Dajin Gundumi, wanda hanyar Isa zuwa Sakkwato ta ratsa, ya isa misali. A 1853 Heinrich Barth ya ƙetare shi a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno, tafiyar dare da rana ba hutawa, saboda rashin ruwa da tsoron harin Gobirawa. Watau a wancan zamani tsoro ne ya kiyaye dajin, ba doka ba. Da Turawa suka ci ƙasar, hare-hare suka kwanta, sai manoma suka fara kutsawa, aka koma ga doka. Dokar gandun daji ta 1937 ta bai wa En'e ikon keɓe daji, amma ta bar wa mutanen kewaye wasu haƙƙoƙi, kamar ɗibar itacen wuta da saiwar magani. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta biyo baya a 1965.

To, ta ina ɓarna ke shiga? Sau da yawa ba da gatarin ɓarawo take farawa ba, da takardar izini take farawa. Akwai tsarin da ake kira taungya, wanda ya samo asali daga Bama, inda akan ba manomi fili a cikin gandu ya yi noma 'yan shekaru, bisa sharaɗin ya raini itatuwan da aka dasa, in sun yi inuwa ya tashi. A takarda tsari ne mai kyau. Amma manomin da ya san girman itace shi ne sallamarsa, ba ya ɗokin itacen ya girma. Bukkar damina takan zama ɗakin laka, a haƙa rijiya, a yi masallaci, a binne mamaci. Daga ranar da aka yi kabari, babu malamin dajin da zai iya cewa aro ne.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ƙara wani salo. Ta danƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna, ta kuma yarje wa ƙaramar hukuma ta ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo. Irin wannan fili ba talakan Gatawa ko na Turba ke neman sa ba. Mai kuɗin birni ne, kuma dajin da ke kewaye da gandu, inda makiyaya ke ratsawa, shi ne ya fi sauƙin yankawa. In an toshe burtali, shanu ba su da mafita sai gonar wani ko cikin gandun.

Kada a ɗauka wannan rauni ne na ƙasashe matalauta kaɗai. A gandun Algonquin na lardin Ontario a Kanada, wanda aka keɓe a 1893, an ba masu hali hayar filaye a bakin tafkuna suka gina ɗakunan hutu. A 1954 hukuma ta ƙudura kawo ƙarshen hayar, amma sai aka ɗaga wa'adin zuwa 2017, aka sake ɗaga shi zuwa 2038. Ɗakunan kimanin 300 ne kawai, duk da haka gwamnati mai cikakken iko ta kasa tashin su.

Masu goyon bayan haya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce: dajin da ba kowa a ciki mafaka ce ga mugu. Mutanen Isa da Sabon Birni sun ga haka da idonsu a shekarun bayan 2018, sa'ad da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan yankin, hanyar Gundumi ta zama abin tsoro kamar a zamanin Barth. Sai dai mazaunin da ke tsare daji shi ne mai cin amfaninsa yana tsaye: mai zuma, da mai ƙaro, da makiyayi. Wanda aka yanka wa hekta ɗari don gero da wake, ribarsa ba ta farawa sai itatuwan sun faɗi.