Tseren kilomita 10 a kan titi: abin da ke jiran ɗan koyo a zafin Sahel

A Yamai, Maraɗi ko Damagaram, duk wanda ya fito bayan sallar asuba zai ga masu gudu a gefen kwalta: sojoji, ɗalibai, da ma'aikatan da likita ya ce su rage ƙiba. Idan aka shirya tsere a gari, irinsu ne ke cika layin rubuta suna. Ba kofi suke nema ba, burinsu su kai ƙarshe da ƙafafunsu. Sai dai gudun safe daban, tsere daban.

Tseren kan titi iri-iri ne. Akwai na kilomita 5 da na 10, akwai rabin gudun fanfalaki mai kilomita 21 da ɗan ɗori, sannan cikakkensa mai kilomita 42 da mita 195, tsawon da ya samo asali daga wasannin Olamfik na Landan a 1908. Na kilomita 10 ne ya fi dacewa da ɗan koyo. Ƙwararru na gama shi a ƙasa da minti 30, shi kuwa yana iya ɗaukar awa guda ko fiye, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Shiri na buƙatar kamar wata biyu, sau uku a mako. Ana farawa da haɗa tafiya da sassarfa, a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan mai gudu ba ya iya magana da abokinsa, ya yi sauri da yawa. Zuciya da huhu sukan saba da wuri, amma jijiyoyi da ƙasusuwa na jinkiri, shi ya sa mai gaggawa ke ƙarewa da ciwon gwiwa ko na ƙwauri. A makon ƙarshe rage gudu ake yi don jiki ya huta.

Babban abokin gaba a wannan yanki shi ne zafi. A Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a Yamai. Jiki na sanyaya kansa da gumi, mai gudu kuma na iya zubar da fiye da lita guda a awa. Ko gwanaye ba su tsira ba: a gasar duniya ta Doha a 2019, an fara gudun fanfalaki na mata da tsakar dare don kauce wa rana, amma daga cikin 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da gudu cikin zafi. Lokacin hunturu ya fi sauƙi, ko da yake ƙurarsa na wahalar da masu asma.

Alamun hatsari sanannu ne: jiri, amai, tangaɗi, ko magana ba kan gado. Wanda ya nuna su, a tsayar da shi, a kai shi inuwa, a zuba masa ruwan sanyi a jiki nan take, a nemi likita. Shan ruwa fiye da kima ma na da illa, domin yana rage gishirin jini. Kurɓa daidai ƙishirwa ta isa. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko sikila kuwa, sai likita ya duba shi kafin ya rubuta suna.

Ranar tsere ba ranar gwada sabon takalmi ba ce. Abinci mara nauyi, kamar koko ko burodi, awa biyu zuwa uku kafin tashi ya wadatar. Kuskuren da ya fi yawa na faruwa a kilomita ta farko, lokacin da ihun jama'a ke sa ɗan koyo bin sawun gwanaye, ya ƙone ƙarfinsa tun ba a je ko'ina ba.

Masu shiryawa ma da nasu nauyin. Dokar hukumar World Athletics ta tanadi ruwa kusan kowace kilomita 5, da ƙari idan ana zafi. Kafin biyan kuɗin rajista, mai gudu na da haƙƙin tambaya: ƙarfe nawa za a tashi, za a rufe hanya ga motoci da ƴan kabu-kabu, kuma akwai motar asibiti a bayan na ƙarshe?